Inda Sandar Alhaji Ta Nuna

Ranar da Fadila ta fara ganin Yazid, yana cikin ƙoƙarin kauce mata ne.

Ta kafa kyamararta a bakin rijiyar Kusugu, wata 'yar dunƙulalliyar aba kamar lemo a kan doguwar sanda mai ƙafa uku, ta koma gefe tana duba waya. Shi kuma baƙin mahaifinsa ya rako, mutanen kudu da suka ce ba za su bar Daura ba sai sun ɗanɗana ruwan rijiyar. Da ya lura ana ɗaukar hoto, sai ya yi abin da duk mai tarbiyya zai yi. Ya sunkuya, ya zagaya ta bayan kyamarar a hankali, ya raɓe jikin bango yana jira a gama.

Fadila ta bar shi ya gama shan wahalarsa tukuna.

"Malam, ba ta da baya fa," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Ko'ina take ɗauka. Tun shigowarka kana ciki."

Ta miƙa masa wayar. Ya juya ta dama, hoton ya juya dama. Ya juya ta hagu, sai ga shi nan a duƙe jikin bango kamar wanda ya saci kaza. Ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Don Allah a goge wannan. Ina da ƙanne, za su raina ni."

"Sai na yi shawara."

Daga nan hira ta tashi. Sunansa Yazid, ɗan Baure ne, mahaifinsa Alhaji Ɗantsoho dillalin tumaki ne a kara, wato kasuwar dabbobi, kuma mafi yawan masu saye a hannunsa a Legas suke. Ita kuma 'yar cikin garin Daura ce, ta karanta ilimin kwamfuta, ta dawo gida tana haɗa wata manhaja da ta sa wa suna Waiga, wadda ke bai wa mutum damar tsayawa a wurin da ba ya nan, ya waiwaya duk inda ya ga dama.

"Wannan ai mu aka yi wa," in ji Yazid. "Mutanenmu na Legas kullum ƙorafinsu ɗaya, wai hoton rago ƙarya yake yi. Da za su tsaya a tsakiyar kara da kansu, da mun huta. Sai dai sabis ɗinmu na can, ko saƙon murya sai ka hau tudu."

"Ai a kan haka nake aiki," ta ce. Wannan karon ta ɗago ta dube shi.

Fadila ba mai yawan magana ba ce, amma in aka taɓo aikinta ba ta san gajiya ba. Ta ce masa bidiyon zagaye data yake ci kamar fara a gona, domin gaba da baya da sama da ƙasa duk ake aikawa lokaci guda. Alhali kuwa mutum in ya tsaya a kasuwa, kasuwar duk tana nan, amma idonsa yanki ɗaya kawai yake gani. Don haka ita sai ta yanka hoton gida-gida kamar allon dara. Gidajen da mai kallo ya fuskanta ta aika masa da su tar, sauran kuma ta aika su dishi-dishi, marasa nauyi. In ya juya, sai a sauya. Kuma don kada ya riga ta juyawa, manhajar tana rubuta inda duk wanda ya kalla ya fi tsayar da ido, daga nan take koyon inda na gaba zai duba, ta shirya masa wurin tun kafin ya isa.

"Wato kin san inda zan duba kafin in duba?"

"Ba ni ba. Manhajar."

"To Allah ya rufa mana asiri," in ji shi, ya karɓi lambarta saboda aiki.

Aikin kuwa an yi shi. Duk ranar kasuwa Yazid yakan kafa kyamarar a tsakiyar turken mahaifinsa, ya tsaya gefenta yana gadin ta kada wani rago ya tunkuye ta. Alhaji Ɗantsoho bai so ba da farko, amma da ya ga mutanen Legas suna zaɓen dabba kamar suna tsaye a gabansa, sai ya yi shiru, shirun da a wurinsa yarda ce. Fadila kuma tana ɗakinta a Daura, waya a hannu, tana kallo daga buɗe kasuwa har tashinta. Ta ce wa kanta gwaji take yi, kuma ba ƙarya ta yi ba gaba ɗaya.

A mako na biyar saƙonsa ya shigo da hantsi.

"Injiniya, barka da aiki. Na shiga shafin da kika nuna min, inda ake ganin wurin da kowa ya kalla. Akwai wani mai kallo daga Daura da bai taɓa duban rago ko ɗaya ba. Ko dai wayarsa ce ta lalace?"

Fadila ta karanta, ta kife wayar a kan gado, ta je ta wanke kwanonin da an riga an wanke. Sai bayan azahar ta amsa.

"Gwaji ne. Ana bukatar abu ɗaya da ba ya yawan motsi."

"To ga ni nan, ba zan motsa ba. Da ni ma akwai na'urar da ke rubuta inda zuciyata ke kallo, da tun a Kusugu asirina ya tonu. Ki ba ni izini in zo in gaida Malam."

"Ɗan dillali, ka iya ciniki."

"Ban taya ba ma tukuna, Hasken idona."

Ya zo ya gaida Malam Abdulmuhaimin, mahaifinta, mai karantar da manya a zauren gidansa. Malam ya yi masa tambayoyi uku, ya sa aka bincika asalinsa a Baure, ya ce ba shi da ta cewa, manya su zo bayan Babbar Salla. Inna Laraba, mahaifiyarta, ita ce ta ɗan taɓe baki. Tana da nata gwanin, Zakiyyu, ɗan ƙawarta da ke aiki a Abuja, wanda takalminsa bai taɓa taka kashin tumaki ba. Amma Inna ba ta ja da Malam ba, ta dai ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, da irin muryar da ke nuna ta riga ta san wanda ya fi.

Saura kwana goma Salla abin ya faru.

Alhaji Ɗantsoho yana da wata al'ada da duk tsofaffin abokan cinikinsa suka sani. Ba ya faɗin aibin dabba da baki a gaban mai ita, don kada ya kunyata makiyayin da ya sha wahalar kiwo. Kuma ba ya ɓoye wa mai saye. Abin da yake yi shi ne ya ɗora kan sandarsa daidai inda aibin yake, ya ɗan tsaya, ya ɗauke. Wanda ya gani ya gani. Shekara talatin yana haka, kuma da wannan sandar ya yi sunan da ake turo masa saƙo daga Legas ba a ko tambayar rantsuwa.

Ranar, Alhaji Maliki, tsohon amininsa na Legas, yana kallo ta waya yana neman ragon layya. Idonsa ya faɗa kan wani farin rago mai cikar ƙirji. Ragon yana da hakiya a idon hagu, farin tabo da ya rufe ganinsa, kuma dabba mai ido ɗaya ba ta layya. Alhaji Ɗantsoho ya ɗora sanda a gefen idon, ya tsaya, ya ɗauke.

"Ka gani?"

"Na gani. Shi nake so," in ji Alhaji Maliki.

Alhaji Ɗantsoho ya ɗauka na abincin baƙi yake nema. Aka loda rago a mota. Kwana huɗu kafin Salla, limamin unguwar Alhaji Maliki ya leƙo ganin rago, ya duba idon, ya girgiza kai. Wayar da ta biyo baya a tsakiyar kara aka ɗauke ta, mutane suna ji. Alhaji Maliki bai yi zagi ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗantsoho, yaushe ka fara?" Ya kashe.

Fadila ba ta san da wannan ba. Abin da ta sani shi ne ranar kasuwa ta zo kyamara ba ta kunnu ba. Ta aika saƙo.

"Ɗan dillali, lafiya? Batir ne ko sabis?"

Shiru. Washegari ta sake.

"Yazid, ko na yi maka wani laifi ne? Ka faɗa min, na fi son in ji."

Shiru. Salla ta zo ta wuce, ko barka da Salla babu. Fadila ta ci kuka a bayan ɗaki sau biyu, ta fito ta taya Inna suyar nama kamar ba komai. Ranar Salla ta uku Gwaggo Yelwa, ƙanwar Malam da ke aure a Baure, ta zo yawon Salla da labarin a bakinta. Ta ce Alhaji ya sa an naɗe kyamarar a buhu. Ya zaɓi ragon da ya fi kowanne a turkensa ya ce Yazid ya kai shi Legas da kansa a bayan motar dabbobi. Sannan ya tara ƙannensa ya ce maganar zuwa Daura a bar ta, shi ba zai nema wa ɗansa yarinyar da sana'arta ita ce nuna wa mutum rabi ta ɓoye masa rabi ba.

A yammacin ranar Zakiyyu ya zo gaisuwa, cikin shadda mai maiƙo da ƙamshin da ya riga shi shiga zaure. Ya riga ya ji labari a wurin Inna.

"Fadila, ni ban ga abin damuwa ba," ya ce. "Duk wannan yanke-yanken hoton saboda ƙauye kike yi. A Abuja sabis kamar ruwan famfo yake, ki aika komai gaba ɗaya, babu dishi-dishi babu rigima. Ki bar mutanen nan da tumakinsu."

Maganarsa ba ta rasa gaskiya ba, shi ya sa ta fi ciwo. Ta yi masa godiya, ta raka shi bakin ƙofa, ta koma ta buɗe kwamfuta.

Ta nemo bidiyon ranar, ta buɗe shi daidai yadda ya isa wayar Alhaji Maliki. Ga Alhaji Ɗantsoho, ga farin rago, ga sanda ta sauka. Amma kan ragon yana can ƙasa-ƙasa, a gidan da aka aika dishi-dishi. Alhaji Maliki ya karkata wayarsa ƙasa na ɗan lokaci, sabis ya yi nauyi, kafin hoto mai kyau ya iso ya riga ya ɗago. Abin da ya gani farin kai ne kawai da inuwar sanda.

Sai ta tambayi kanta, to wane gida manhajar ta shirya tar a lokacin, tun da ba kan ragon ba? Ta duba. Fuskar Yazid ce, yana tsaye gefen kyamara yana kore ƙuda, har ana iya ƙirga gashin girarsa.

Nan Fadila ta gane. Manhajar daga masu kallo take koyo, kuma babu wanda ya kai ta yawan kallo. Mako bakwai tana koya mata cewa abin da ya fi komai muhimmanci a karar Baure shi ne fuskar ɗan dillali. Ta koma tsofaffin bidiyoyin ɗaya bayan ɗaya, sai ga sandar nan tana sauka a kan kofato, a kan kunne, a kan wutsiya, kusan kowace ranar kasuwa, a gabanta, ita kuwa ba ta taɓa gani ba. Kunya ta kama ta irin wadda ba ta taɓa ji ba.

Kwana biyar ta yi tana gyara. Ta goge duk abin da manhajar ta koya daga wurinta. Ta yanko jan ƙyalle daga wani tsohon ɗankwalinta, ta koya wa manhajar cewa duk inda wannan jan ya je, gidan nan da na kewayensa su tafi tar kafin komai, ko mai kallo ya duba can ko bai duba ba, kuma wata 'yar kibiya ta fito ta ja idonsa wurin. Nauyin da ya ƙaru kaɗan ne, sabis ɗin kara zai iya ɗauka. Sannan ta nemi izinin Malam, ta roƙi Gwaggo Yelwa ta raka ta Baure.

Sun sami Alhaji Ɗantsoho da hantsi a ƙofar gida, kan buzu, sanda a gefensa. Yazid yana can wajen turke yana zuba dusa, ya rame, ya yi baƙi. Da ya hango ta sai kwanon ya kusa suɓuce masa. Fadila ba ta dube shi ba. Ta durƙusa nesa kaɗan ta gaida Alhaji, Gwaggo ta yi bayanin ko 'yar wace ce, ko da yake ya sani.

"Baba, ba roƙo na zo yi ba," ta ce, kanta a ƙasa. "Ai ka nuna aibin ragon nan. Na gani da idona a bidiyo. Na'urata ce ba ta kai wa Alhaji Maliki ba. Laifin nawa ne, kuma ina so ya ji haka daga bakina."

Alhaji ya dube ta. "Na'ura ba ta da son rai. Me ya sa ta ɓoye?"

Nan ne wurin da ta yi ta fargaba tun daga Daura. Tana iya cewa sabis ne, kuma ba wanda zai ƙaryata ta. Gwaggo ma ta buɗe baki za ta taimaka. Fadila ta riga ta.

"Daga wurina ta koyi inda ake kallo, Baba. Ni kuwa ba raguna nake kallo ba."

Gwaggo Yelwa ta ja mayafi ta rufe baki. Can wajen turke wani ya shiga zuba dusa a kwanon da ya riga ya cika. Alhaji bai yi dariya ba, amma gemunsa ya ɗan motsa.

"To me kika zo da shi?"

Ta miƙa wa Gwaggo jan ƙyallen, Gwaggo ta miƙa masa. Ya juya shi, ya ɗaura a kan sandar da kansa, ɗaurin makiyaya. Aka fito da kyamara daga buhu, aka kafa. Aka kira Alhaji Maliki, wanda ya ɗauka da sanyin murya. Fadila ta faɗa masa abin da ta faɗa wa Alhaji, ban da ƙarshen. Sannan Alhaji Ɗantsoho ya sa aka jawo wata tunkiya, ya ɗora sanda a ƙafarta ta baya.

"Kofaton ya tsage," in ji muryar daga Legas. "Ga shi nan kamar in taɓa." Sannan ya ce, "Ɗantsoho, ka yafe ni. Na yi maka mummunan zato."

"Ya wuce," in ji Alhaji. Ya ajiye wayar a kan buzu, ya daɗe yana duban jan ƙyallen. Sannan ya ce, "Yazidu, zo nan."

Yazid ya zo ya durƙusa. Alhaji ya ɗaga sanda ya ɗora a kan ƙirjinsa.

"Ba na faɗin aibi a gaban mai dabba," ya ce wa Fadila. "Amma wannan ni ne mai shi, don haka zan faɗa. In abu ya yi masa nauyi, shiru yake yi. Ya bar ki kwana goma sha biyu ba ko sallama, don ya rasa bakin da zai faɗa miki abin da na ce. A wurina ya gado, ba zai bari da wuri ba. Kin gani?"

"Na gani, Baba."

"A haka kike so?"

Fadila ta ja mayafi ta rufe fuska. Gwaggo ta ce, "Alhaji, ai ka ji amsa."

"Ki gaya wa Malam ƙannena suna tafe ranar Asabar," in ji Alhaji.

Suna cikin motar komawa Daura saƙon ya shigo.

"Hasken idona, na rubuta miki saƙo ya fi ashirin a bayan motar Legas, na goge. Na ji tsoron in na faɗa miki maganar Baba za ta zama gaskiya. Ki yafe min. Daga yau ko mummunan labari ne, daga bakina za ki fara ji."

Ta bar shi ya jira har suka shiga gari, don shi ma ya ɗanɗana.

"Na yafe, Ɗan dillali. Amma bidiyon Kusugu yana nan, ban goge ba. Ka kiyaye."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Abdulmuhaimin, ranar Asabar da safe. Inna Laraba, wadda tun ranar da ta ji abin da Alhaji ya yi da sanda ta daina ambaton Abuja, ita ce ta fi kowa kai da kawo. Amarya ba ta zuwa wurin ɗaurin aure, amma wannan amaryar ta sa an kafa kyamararta a tsakiyar tabarmi. Tana ɗaki cikin ƙawaye, lalle a hannu, waya a kan cinya. Jama'a sun yi yawa, kowa da wayarsa, sabis ya yi ƙasa sosai. Duk inda ta juya dishi-dishi ne, fararen riguna da huluna sun cakuɗe, sai muryar liman kawai ke fita sosai.

Aka shafa fatiha. Maroƙi ya ɗaga murya ya sanar an ɗaura auren Yazid da Fadila. Sai 'yar kibiyar nan ta fito a gefen allo. Fadila ta bi ta a hankali.

Alhaji Ɗantsoho ne zaune a sahun gaba, ya miƙa sandarsa mai jan ƙyalle ta bayan mutum biyu, ya ɗora ta a kafaɗar ɗansa, ya bar ta a nan. A cikin duk taron fuskar Yazid ce kaɗai ta fito tar. Kansa a sunkuye, yana share ido da bakin babbar riga, yana zaton ba mai ganinsa.

"Allah ya ba su zaman lafiya," in ji liman. "Allah ya sa albarka, ya ba da zuriya ta gari."

Mata suka ɗauki guɗa a tsakar gida. Fadila ta ce amin a hankali, ba ta juya wayar ko'ina ba.